Madarar Toma

Ni Ja'afaru ba na cikin mutanen da ake ruɗawa da sauƙi. Shekara goma sha tara na yi ina jan babbar mota tsakanin Bauchi da Ikko, na ga 'yan damfara iri-iri, har da wanda ya so ya sayar mini da tayar motata. Boko kuwa aji uku na yi aka cire ni, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba sai a shekarar da Toma ya kwanta.

Da na ajiye tuƙi sai na buɗe rumfa a Ƙofar Dumi ina sayar da maganin ciyawa, na kuma sayi famfon feshi guda shida, irin wanda ake goyawa a baya. Manoman Zungur da kewaye su zo su ce ga gonar masara ko ta shinkafa, ciyawa ta fi ƙarfin fartanya, ni kuma in tura musu mutanena. Toma ne na fara ɗauka, shi ne kuma babbansu. Mutumin Zungur ne, Kirista, dogo, in ya yi dariya sai ka ce tsohuwar tifa ake tayarwa. Shekara ashirin da uku muna tare. Da Babbar Salla cinyar ragona tasa ce, da Kirsimeti kuma matarsa Liatu takan aiko mini da zakara da ransa in yanka da hannuna.

Doka ɗaya na kafa a wurin aikina: duk wanda ya yi feshi, ba ya tafiya gida sai ya karɓi gwangwanin madara ɗaya. Madara tana yanke dafin magani. Wani Bayarabe mai suna Olu, mai kula da sito a Ikko, shi ya koya mini tun ina direba. Ranar mun loda durom-durom na magani, warin ya sa ni jiri. Ya huda gwangwani da ƙusa ya miƙo mini, na shanye, jirin ya tafi. Gani ya kori ji, wa zan kuma tambaya?

Famfunan nan da na saya sun zo da safar hannu da takunkumi da wata rigar leda. Mako biyu mutanena suka sa su. Toma ya ce rigar ta mai da shi dafaffen rogo, wani ya ce takunkumin na hana shi numfashi. Na ce to a ajiye, ai ga madara. Daga nan da hannu ake dama magani a bokiti, famfo na yoyo a gadon baya har riga ta jiƙe, in bakinsa ya toshe a sa baki a hure. Da rani kuma, da babu feshi, Toma yakan je Fadaman Mada wurin kafintoci yana tsoma musu katakon rufi cikin baƙin maganin gara, hannu har gwiwa. Can ma nakan aika masa da madararsa, don zumunci. Sauran masu sayar da magani suka kwaikwaye ni, har sunan ya bi ni: Alhaji Mai Madara. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin sunan. In ana zancen masu cutar ma'aikatansu, da ni ake misalin mai tausayi.

Da bazara ta kama, kafin ruwan farko, Toma ya zo rumfa yana shafa wuya. Na duba, ga ƙullutu kamar ƙwan zabuwa, ga wani a hammata.

"Kaluluwa ce, Sarkin Feshi," na ce masa. "Ko ka taka ƙaya?"

"Kaluluwar da ba ta ciwo, Alhaji? Wata biyu ke nan. Kuma dubi wandona, sai da Liatu ta ƙara huda bel."

Ya rame kam, ni ne dai ban lura ba. Na sa shi a mota muka tafi asibiti. Aka yanki ɗan nama daga wuyan, aka ce mu dawo. Da muka dawo aka ba shi gado, aka ce ciwon daji ne, irin mai kama ƙullutan jiki.

Likitar da ke duba shi Ifeyinwa ce, 'yar Obiefuna mai sayar da kayan gyaran mota, wanda na yi shekaru ina sayen birki a wurinsa. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Ta kira ni ofishinta tunda ni na kawo shi, ta ce tana so ta san irin aikin da yake yi. Na faɗa mata feshi, na faɗa mata katako. Ta tambayi sunan maganin, na ce wanda manoma ke kira tu-fo-di ya fi yawa, mai kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar masara. Ta tambayi shekara nawa. Ta tambayi abin da yake sawa a jiki.

"Wannan kam kada ki damu, 'yata," na ce, har ina gyara zama. "Duk ranar da ya yi aiki sai na ba shi madara. Ban taɓa fashi ba."

Ta ajiye biro. Ta dube ni irin kallon da nake yi wa sabon direba in ya ce ya zuba ruwa a tankin mai.

"Baba, madara abinci ce."

"Na sani. Amma tana yanke dafi."

"Ba ta yankewa. Maganin nan ta fata yake shiga, da ta numfashi. Madara kuma ciki take zuwa. A ina za su haɗu?"

Na kawo mata labarin Olu da jirina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "A cikin siton kuka sha madarar ko a waje?"

Sai na tuna. A waje ne. Olu ya jawo ni bakin ƙofa inda iskar teku ke kaɗawa, ya zaunar da ni a kan benci, sannan ya huda gwangwanin. Shekara fiye da talatin ina ba da labarin nan, ban taɓa tuna bencin ba.

"To yanzu maganin ne ya sa masa ciwon?" na tambaya.

"Ba zan iya cewa shi ne ba."

"Alhamdu lillahi. Ashe ba shi ba ne."

"Ban ce ba shi ba ne, Baba."

"To 'yata, ɗaya za ki ɗauka. Ko shi ne, ko ba shi ba ne."

Ta ce a wasu ƙasashe an bi diddigin mutanen da suka daɗe suna aiki da irin waɗannan magunguna, na ciyawa da na katako. A wani binciken an ga irin ciwon Toma ya fi yawa a cikinsu, a wani kuma ba a ga bambanci ba. Ta ce ana kuma samun ciwon a jikin wanda bai taɓa riƙe famfo ba. Na ce wannan ai ba amsa ba ce, ko ɗan duba ya fi haka ƙoƙari. Ta yi murmushi.

"Kun yi tuƙi, Baba. Duk motar da ta hau hanya da suɗaɗɗiyar taya ce take faɗuwa?"

"A'a. Na kai Ikko da irinta sau da yawa."

"Amma za ku ba ɗanku ita?"

Na gane misalin, amma bai warware mini komai ba. In mota ta faɗi, kana iya zuwa ka duba tayar ka ga ko ita ce ta fashe. Shi Toma ina zan duba?

Ina fitowa na tarar da Liatu a gindin dalbejiya a bakin ɗakin maza, ga kwanon abinci a rufe a gabanta, ƙudaje na zagaye shi. Ta ganni ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi mini ba, don kusan sa'ata ce.

"Alhaji, ni na kashe shi."

"Subhanallahi! Wane irin zance ne wannan, Maman yara? Ai yana da rai."

"Madarar da kake ba shi, ba ya sha. Shekara tara ke nan." Ta share fuska da bakin zane. "Tun da 'yarmu ta rasu ta bar mana tagwaye. Ba nono, ba kuɗin madara. Ni na ce masa, kai ƙato ne, me gwangwani ɗaya zai ƙara maka? Kawo wa marayu. Ya riƙa sawa a aljihu yana kawowa. Da suka girma ma ban hana ba, shayi nake yi musu da ita. Ga shi yanzu sauran da suke sha ƙalau suke, nawa ne a kwance."

Na shiga wurin Toma. Yana ganina ya juya fuska bango.

"Ta faɗa maka ko? Na ci amanarka, Alhaji. Kai ka yi naka, ni na jawo wa kaina. Ka yafe mini."

To a nan ne zan faɗi abin da ba na son faɗi. Ni ɗan kasuwa ne, na san ƙofa in ta buɗe. Minti goma da suka wuce laifi yana kaina, ga shi yanzu ya tashi da kansa ya sauka a kan wasu, ban ko ɗaga yatsa ba. Ba wanda ya ji abin da likita ta faɗa mini sai ni. In na yi shiru, ina nan a Alhaji Mai Madara, mai tausayi, wanda aka ƙi bin maganarsa. Na dafa kafaɗar Toma na ce, "Ba komai, Allah Ya ba ka lafiya." Na fito na shiga mota.

Kwana huɗu ban koma wurin Toma ba. Kuma ba kunya kaɗai ta hana ni ba, kaina ne ya kulle. In likita ce mai gaskiya, me ya sa wanda bai sha ba shi ne ya kwanta? Ga Modibbo nan, Bafulatanin da ke bin Toma a girma cikin mutanena, shekara goma sha biyar yana feshi, yana shanye madararsa a gabana har ya lashe gwangwani, ko mura ba ya yi. In kuma Olu ne mai gaskiya, to bencin nan fa, da iskar teku? In na kama wannan sai wancan ya suɓuce. A salla ma sai da na yi ƙabli da ba'adi sau biyu, don na rasa raka'a nawa na yi.

Na je na tare likita a bakin motarta na faɗa mata zancen tagwaye, ina ganin na kama ta.

"Mutum shida ba su isa a yanke hukunci da su ba, Baba," in ji ta. "Kuma ba madara kaɗai ta raba shi da sauran ba. Ya fi su daɗewa, shi ke dama maganin, shi ke aikin katako. Ko da ya shanye saniya guda, abin da ya shiga fatarsa ya shiga."

"To ki faɗa musu mana."

"Na faɗa wa matar jiya. Ta ce ni yarinya ce, Alhaji ya fi ni sanin magani."

Wannan maganar ta fi zagi zafi.

A kwana na biyar na shiga ɗakin da hantsi. An sa wa Toma ruwan magani na farko, irin mai tayar da zuciya. Ƙarƙashin gadon ga katan na madara, an buɗe. Ashe Liatu ta sayar da akuyarta ta sayo, wai ya rama na shekara tara. Gwangwani uku babu komai a ƙasa, tana riƙe da na huɗu a bakinsa.

"Daure ka sha, Baban yara. Don Allah ka daure."

Ya kurɓa don kada ya ɓata mata rai, sai ga shi duk ya dawo, a kan zanen gado, a kan hannunta. Ta goge, ta sake kai gwangwanin bakinsa. Ita kanta ta zama kamar kara. Matar gadon kusa, mai jinyar mijinta, ta ce mini tun da aka kwantar da shi ba ta ga ta ci loma uku a jere ba.

Na karɓe gwangwanin daga hannunta.

"Liatu, Toma, ku saurare ni. Madarar nan ba ta yin komai. Ba ta taɓa yi ba. Da ya sha da bai sha ba duk ɗaya ne. Abin da ya kamata ya sa shi ne safar hannu da rigar nan, ni kuma na ce a ajiye su."

Suka dube ni. Sai Toma ya yi 'yar dariyar da ta rage masa.

"Allah Ya saka, Alhaji. Ka ji mutumin kirki, Liatu. Yana so ya ɗauke mana nauyi."

"Ba lallashi nake yi ba, wallahi."

"Mun gode," in ji Liatu, ta miƙo hannu. "Ba ni gwangwanin."

Ka ji fa. Shekara ashirin da uku ina faɗin abin da ba haka ba, kowa ya yarda. Yau ɗaya na faɗi gaskiya da rantsuwa, an ce kirki ne. Na fito ina jin kamar na yi lodi a motar da ba ta da inji.

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwan farko mai ƙarfi, manoma suka fara zuwa. Ranar Alhamis da sassafe mutanena biyar suka taru a rumfa, kowa ya ɗauki famfonsa. Labarin Toma ya riga ya iso musu, har sun haɗa baki Modibbo zai roƙa musu a mai da madara gwangwani bibbiyu. Na bar shi ya gama. Sannan na jawo buhu daga bayan kanta na zazzage a gabansu: safar hannu, takalman roba, takunkumi, riguna masu dogon hannu, da sabulu sanda biyar.

"Daga yau babu madara," na ce. "Wanda zai ɗauki famfona sai ya sa waɗannan. Ba a dama magani da hannu, ga sanda. Ba a hura bakin famfo. In an tashi a yi wanka kafin a ci abinci."

"Babu madara?" in ji Modibbo. "Alhaji, mutum ɗaya ya bar sha ga shi can a kwance, shi ne za ka hana mu duka? Kashe mu za ka yi?"

"Madara ba ta yanke dafi. Kuskure na yi."

"Yau kuma? Da can da take yankewa, wa ya faɗa mata ta daina?"

Masu shagunan kusa suka fara leƙowa. Mai gyaran babur na gefe ya ce ai tsadar madara ce ta kori Alhaji, ya fake da likita. Wani ya ce in dai da gaske ba ta yin komai, to Alhaji ne ya kwantar da Toma ke nan. Na ji su sarai, kuma ban san wanne zan musa ba. Mutum biyu suka ajiye famfo suka koma wurin wani mai magani da har yanzu yake ba da madara, dabarar da ya koya a wurina. Uku suka sa kayan suna gunaguni. Modibbo ya sa takalmi ya ce shi da kuɗinsa zai sayi tasa madarar. Na ce ya sha lafiya, abinci ce.

Ranar Lahadi na koma asibiti. Modibbo ya riga ni, ya kai wa Toma ƙarata tun daga farko har ƙarshe, har da abin da mai gyaran babur ya ce. Ina shiga ya sulale ya fita. Toma na zaune an jingina shi da filo. Bai juya fuska bango ba, ni ya kafa wa ido.

"An ce ka tsaya a Ƙofar Dumi, gaban jama'a, ka ce ka yi kuskure."

"Haka ne."

"Liatu, kin ji? Mutumin nan na san shi. Ko hanya ya ɓata da mota ba ya cewa ya ɓata, sai ya ce yana duba gari ne. In har ya zubar da sunansa a kasuwa, to ba lallashi ba ne." Ya dubi hannuwansa, ya juya su. "Shekara ashirin da uku, Alhaji."

Na jawo kujera na zauna.

Liatu tana bakin gado. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ba durƙuso a cikinsa. Sannan ta sunkuya ta jawo katan ɗin daga ƙarƙashin gado, ta naɗe gammo, ta aza a ka.

"Yara na gida," ta ce wa mijinta. Ni ko sallama ba ta yi mini ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dawo ta ɗauki kwanon tuwon da ke kan lokar gefen gado, ta fita da shi. Ta taga na hango ta a gindin dalbejiya, katan a gefe, ta buɗe kwano tana ci da gaske, kamar mai huce haushi a kan tuwon.

"Ka gani?" in ji Toma. "Yau ta ci. Bana kada ka sa ran zakara."

"Ban sa ba."

"To yanzu faɗa mini, tunda ba rashin madara ba ne. Maganin ne ya sa mini abin nan?"

Na buɗe baki zan kawo masa zancen suɗaɗɗiyar taya, da mutanen wasu ƙasashe da aka bi diddiginsu, da binciken da ya gani da wanda bai gani ba. Duk suka cakuɗe mini.

"Ban sani ba, Toma. Likitar ma ta ce ba ta sani ba."

Ya dube ni, sai tsohuwar tifar nan ta yi ƙoƙarin tashi a ƙirjinsa, ta ƙare da tari.

"Kai, Alhaji! Kuskure ranar Alhamis, ban sani ba ranar Lahadi. Anya ba kai ya kamata a ba gadon nan ba?" Ya nuna kofi da haɓa. "Miƙo mini ruwa. Ruwa zalla, don Allah."